Ƙubbar da Kika Fara Gani a Wasan Sadiƙu

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga maƙwabcinmu mafi daraja, wanda muke zaune a garinsa.

Zuwa ga 'yata Hauwa'u, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai da kika sauka a ɗakinki na Fulorans. Ummanki ce za ta sa miki ita a jaka, domin na san in na miƙa miki da hannuna za ki karanta a gabana, ni kuwa ba zan iya zama ina kallonki ba. Allah ya tsare hanyarki, ya tsare masaukinki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar Italiya.

Da Hausa na rubuta, ko da yake na san da Larabci za ki amsa mini kamar yadda kika saba. Larabcina na wurin aiki ne, na kawo siminti, ɗaga saƙala, yalla, khalas. Abin da nake son faɗa miki ba ya fita da shi. Ki karanta a hankali, inda kalma ta shige miki duhu ki bugo wa Ummanki.

Nasihar da zan ba ki ba daga ilimi ta fito ba, domin kin fi ni karatu tun kina aji shida. Daga kurakuraina ta fito. Zan jera miki su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko kin san shi, don a kanki ya faɗa. Kina shekara goma sha uku. Na dawo daga aiki a Aƙiƙ bayan la'asar, jikina duk farin jibis na shafen bango, na shigo gidanmu na Al-Sih na tarar da ke zaune gaban talabijin da na'urar wasan yayanki Sadiƙu. A allon wani mutum yana hawan wata jar ƙubba mai girman gaske, a can ƙololuwarta kuma ga gicciye. Ban tambaye ki komai ba. Na ce a raina, a garin Manzon Allah, a cikin gidana, 'yata tana hawan coci. Na fizge waya daga bango, na naɗe na'urar na kai ta bayan wanet ɗina, motar da nake ɗaukar kayan gini, na jefa ta cikin buhunan aiki. Sadiƙu ya yi ta gunaguni. Ke kuwa kika tashi kika shiga ɗaki.

Bayan kwana biyu Ummanki ta ajiye mini wani littafin makaranta kusa da kofin shayi, ta ce, "Malam, duba abin da ka kashe." Na buɗe. Shafi bayan shafi, zanen ƙubbar nan ne, daga gaba, daga gefe, daga ƙasa. A gefen zanen kin kwafe bayanin da wasan ke nunawa game da ginin, kin ja layi ƙarƙashin wasu wurare, kin sa alamar tambaya. Ashe ba wasan ya dame ki ba. Kina tura mutumin nan ya hau ne don ki ga yadda aka jera bulo. Ni da nake magini, 'yata tana neman sanin gini a gabana, ban gane ba. Na ji kunya, amma girman kai ya hana ni dawo da na'urar sai bayan Ramadan, kuma ko da na dawo da ita ban ba ki haƙuri ba. Yau nake ba ki. Ki yafe mini.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: za ki ga abubuwa a can da za su tayar miki da hankali a kallon farko. Kafin ki yanke hukunci, ki tambayi mutum abin da yake yi da dalilinsa. Tambaya ba ta rage wa mutum imani.

Na biyu ya girme ki, amma ke kika tono shi. Kina sakandare, ranar wata Juma'a muna cin abincin rana, kika fara ba mu tarihin cocin nan na cikin wasan, wanda ke birnin Fulorans. Kika ce mutanen garin sun fi shekara ɗari suna gina shi, suka bar wani ƙaton rami a tsakiyar rufin, domin sun yanke shawarar ƙubbar da suke so tun kafin a sami wanda ya san yadda za a rufe ta. Ruwan sama yana zuba a ciki, iyaye suna mutuwa suna bar wa 'ya'ya aikin. Kika ce faɗin ya yi yawa, babu katakon da zai isa a yi mata matokari daga ƙasa. Sai wani mutum da asalin sana'arsa ƙirar zinariya ce ya ce zai rufe ta ba tare da matokari ba. Ya yi ta ɓawo biyu, ɗaya cikin ɗaya, da matakala a tsakani. Ya jera bulo kamar ƙayar kifi, yadda kowane layi ke riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Har injin ɗaga kaya ya ƙera wanda shanu ke juyawa.

Na ajiye cokali na ce, "Mamana, wannan zancen wasan yara ne. Shekara nawa ina zuba ƙubba? Ba katako, ba ƙubba."

Kika ce, "Abuya, tana nan tsaye har yau. Ka ba ni bulo ɗari biyu da kusurwar filin aikinka."

Ummanki ta yi dariya ta ce, "To, an kama ka."

Kin tuna Juma'o'in da muka yi a bayan shagona na Aƙiƙ, da sassafe kafin rana ta yi zafi, ke da takarda da igiya, ni da cokalin gini. A karon farko na yi gardama na jera bulo yadda na saba, muka kai layi na shida komai ya zube mini a ƙafa. Kika rufe baki da mayafi don kada na ga kina dariya, na gani kuma. A karo na biyu na bi zanenki, ina tsayar da bulo ɗaya a tsaye bayan kowane 'yan kaɗan na kwance. Ginin yana ta lanƙwasowa ciki, ni ina jiran ya faɗi, bai faɗi ba. Da muka rufe saman, 'yar ƙubbar da ba ta wuce ƙirjina ba, na hau na zauna a kanta. Kika ga na sunkuyar da kai, kika zaci gajiya ce.

Ba gajiya ba ce. Kakanki na tuna, Malam Tanimu, wanda ba ki taɓa gani ba. Magini ne a Zariya, na ƙasa da azara. Shi ma ba ya kafa matokari. Yakan fito da azara daga bango kaɗan-kaɗan, ya ɗaure, ya shafe da ƙasa, ya bari ta bushe, ya ƙara, har baka ya haɗu da baka a sama, a rufe tulluwa. Ina saurayi ina ganin wannan aikin ƙauye ne. Ina son bulo da siminti da rodi. Ranar da zan tafi Kaduna koyon ginin zamani, yana zaune a zaure yana gyara igiya, ya ce da ni, "Haruna, ka zauna rani ɗaya kawai, ka ga yadda ake haɗa bakan nan. Bayan ni babu wanda zai nuna maka." Na ce, "Baba, yanzu wa ke son ginin ƙasa?" Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Daga Kaduna na zo ƙasar nan, ina cewa zan koma bana, zan koma baɗi, har aka bugo mini waya aka ce ya rasu. Da kika kawo mini labarin Bature mai rufe ƙubba ba katako, na ƙaryata ki, alhali ubana ya yi irinta a gabana ban tsaya na kalla ba.

Don haka, Mamana, duk inda kika ga tsohon ma'aikaci a can, mai ƙura a hannu, ki zauna kusa da shi. Malaman jami'a za su ba ki lissafi, amma akwai abin da hannu ya sani wanda ba a rubuta ba. Kuma idan suka tambaye ki daga ina kike, ki ce an haife ki a Madina, kakanki kuma maginin Zariya ne. Ni na yi shekaru a nan ina ɓoye wannan, in muhandis, wato injiniya, ya tambaye ni inda na koyi aiki sai in ce kamfani. Kada ki gaji wannan kunyar daga wurina.

Na uku ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba, har Ummanki. Shekarar da aka haifi Sadiƙu, na sami aikin kaina na farko: ƙaramin masallaci a wata gonar dabino kusa da Khaibar. Mai gonar dattijo ne, ya ce ƙubba yake so ko da ƙarama ce. Na zuba kankare, na san ya kamata in bar katakon a ƙarƙashi in yi ta ba shi ruwa har ya yi ƙarfi. Amma wani aiki yana jirana a gari, ina son katakon, ina kuma son a ce Haruna mai sauri ne. Na cire kafin lokaci. Da na hau washegari na ga tsaga, siririya kamar zare, daga sama har kusan gindi. Na duba babu kowa, na kwaɓa jibis na shafe, na yi fenti. Dattijon ya zo ya yi ta sa mini albarka, ya cika mini mota da dabino.

Wata huɗu ina cin dabinon nan ba ya yi mini daɗi. Da sanyi ya shigo aka yi ruwa, irin wanda kan zo mana sau ɗaya ya wuce. Sai ga saƙo in je. Na tarar an shanya dardumai a kan katanga. Dattijon ya kai ni ciki ya nuna mini inda ruwa ya zubo, daidai sahun gaba. Na buɗe baki zan ce simintin ne ba shi da kyau. Ya riga ni, ya ce, "Ya waladi, ɗana, ba na tambayarka laifin wa. Ina tambayarka, mutane za su iya sujada a ƙarƙashinta ba tsoro?" Na ce, "A'a, Baffa. Na ga tsagar tun ranar farko, na rufe ta." Sai ya ce, "To, yanzu na sami magini. Fasa ka sake." Na fasa da hannuna, na sake zubawa, na zauna a gonar har ta yi ƙarfi.

Ke gyaran tsofaffin gine-gine za ki karanta, aikinki kenan neman tsaga. Za ki yi kuskure, kowa yana yi. Ranar da kika yi, ki je ki faɗa da bakinki kafin a gano. Ko a jarrabawa, ko a wurin aiki, ko tsakaninki da mu. Idan karatu ya yi miki nauyi, ko kika faɗi wani darasi, kada ki shafe mana shi da "alhamdulillah komai lafiya". Ki gaya mana yadda yake.

Na huɗu ya shafi abin da mutane ke ta magana a kai tun da aka ji za ki tafi. Kin ji abin da wasu maƙwabta suka ce, 'yar Madina za ta je ta yi shekaru tana shiga coci tana auna bango. Ni ma na taɓa zama mai irin wannan tunanin, har ya sa na zalunci mutum. Na yi shekara biyu ina aiki a Yanbu tare da wani kafinta ɗan Masar, Kirista, sunansa Girgis. Shi ke haɗa mana katakon da muke zuba kankare a kai, kuma ban taɓa ganin mai auna da'ira kamarsa ba. Shi ya koya mini yadda ake fitar da lanƙwasa da ƙusa ɗaya da igiya, abin da nake ci da shi har yau. In lokacin salla ya yi muna tsakiyar aiki, yakan ce, "Ku je, ni zan tsare." Wata rana saƙala, katakon da muke takawa mu yi aiki a sama, ta goce da ni a hawa na uku, shi ya riƙo rigata har aka kawo tsani. Amma ko sau ɗaya ban zauna na ci abinci da shi ba. In ya shimfiɗa jarida ya buɗe kwanonsa ya ce, "Tafaddal, zo mu ci, ya Haruna," sai in ce na ƙoshi, in koma gefe. Ranar da zai koma ƙasarsu ya zo yi mini sallama, ina kan aiki, na ɗaga masa hannu daga sama ban sauko ba. Babu malamin da ya koya mini haka. Jahilcina ne na yi masa rawani na kira shi addini.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko da a kusurwar ɗakin karatu ne. Ki kula da abin da za ki ci da abin da za ki sha, ki riƙe suturarki yadda kika saba, kada ki ji nauyin cewa a'a. Idan kika shiga cocin nan, kin san abin da ya kai ki, ilimin gini ne, kuma zuciyarki ta san wanda take bauta wa. Amma ki tuna wurin ibadar wasu ne, ki sassauta murya, kada ki tsaya a gaban mai addu'arsa da ma'auni. Wanda ya koya miki abu, ko mene ne addininsa, ki gode masa a fuskarsa. Wanda ya gayyace ki cin abin da ya halatta, ki zauna ki ci. Mutane da yawa a can ba za su taɓa zuwa Madina ba, ke kaɗai za su gani.

Na ƙarshe shi ne mafi kusa, shi ne kuma ya fi yi mini wuyar rubutawa. Da takardar jami'ar ta zo, kika kawo mini don in sa hannu, na ce zan duba. Na sa ta a aljihun mota na yi sati uku ina yawo da ita. Kullum kika gaishe ni sai ki ɗan tsaya, ni kuma in ce ana jirana a wurin aiki. Na ce wa Ummanki ina tunanin addininki ne, ina tunanin maganar mutane. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, yarinyar nan ta fi mu duka kula da salla. Faɗi abin da ke damunka." Sai na faɗa. Tsoro nake ji ki yi mini abin da na yi wa ubana. Ki tafi kina cewa za ki dawo bana, za ki dawo baɗi, har a bugo miki waya.

Ummanki ta ce, "Shi Malam Tanimu ya hana ka tafiya?" Na ce bai hana ni ba. Ta ce, "To, ba hanawa ce ta ragu gare ka ba. Ka gaya mata abin da shi bai samu ya gaya maka ba." Na sa hannu a ranar, kin tuna, a kan bonet ɗin mota, har biron ya ƙi rubutu saboda zafi. Kika ce, "Shukran, Abuya," kika sumbaci kaina. Abin da ya kamata in faɗa a lokacin ban faɗa ba, shi ya sa nake rubuta shi yanzu. Ina son ki tafi. Ina alfahari da ke fiye da yadda fuskata ke nunawa. Kuma ina son ki riƙa dawowa. Kada ki jira sai kin zama wani abu sannan ki zo, wannan jiran ne ya cinye ni. Ki zo da hutu ko ba ki da tsaraba. Ki bugo ranar Juma'a ko ba ki da labari. Idan kika ji tsoron wani abu, ki kira shi da sunansa, kada ki ɓoye shi a bayan wani dalili mai kyan ji kamar yadda na yi.

Sauran ƙananan abubuwa Ummanki ta riga ta gaya miki, na sanyi da na magani da na yaji. Ni abu ɗaya zan ƙara: ki sayi takalmi mai kama ƙasa kafin ki hau kowace saƙala, kuma kada ki taka katakon da ba ki ga wanda ya ɗaure shi ba.

Akwai wani labari da na ajiye miki. Dattawan masallacin layinmu sun yanke shawarar faɗaɗa shi nan da 'yan shekaru, in an sami izini, kuma suna son ƙaramar ƙubba a kan mihrabi. Alhaji Mamman, wanda ya fi kowa surutu a kan tafiyarki, shi ya tare ni bayan sallar azahar ya ce, "Haruna, kai za ka yi mana." Na ce, "Zan yi, in Allah ya ba ni rai. Amma zanen ba nawa ba ne, sai Hauwa'u ta gama karatu." Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Shekara nawa ne karatun?" Na gaya masa. Ya ce, "To, ai ba gudu muke ba." Don haka ki yi karatu da kyau, akwai masu jiranki, kuma akwai tsohon magini da yake son ya yi aiki a ƙarƙashinki kafin gwiwoyinsa su ƙi hawa tsani.

Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarsa ba ta ɓata. Ya tsare ki a sama da ƙasa, a hanya da masauki, ya buɗe miki ƙirji ga ilimi mai amfani, ya kare ki daga mugun aboki da mugun ciwo, ya sa ki fi mu, ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Ummanki da Sadiƙu suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna Tanimu
Al-Sih, Madina